Hana-Cire, Wadda Ta Bar Wa Matata Haƙorin Tauna

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, ita ta riga ta iso. Ɗakinta yana can ƙarshe, bayan tagar da ake karɓar magani. Ƙaramin ɗaki ne. Akwai kujera mai kwanciya wadda fatarta ta tsage aka liƙe, da fitila mai dogon wuya, da famfo, da tukunyar ƙarfe da ake dafa kayan aiki a ciki. Takan rataye mayafinta a ƙusa, ta sa farar riga, ta wanke hannu har gwiwar hannu. Sai ta kunna injin haƙa ta saurari kukansa, yadda direba yake sauraron mota da safe. In kukan bai yi mata ba, ba mai hawa kujerar nan sai an gyara. Daga nan ta leƙa benci ta dubi fuskoki. Mai kumburi shi ne na farko, ko da shi ya zo ƙarshe. Ba a yi mata gardama a kan wannan.

Likitar haƙori ce. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shekaru sun cika. Na tambaya ko za a yi mata taro, aka ce ba a saba ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ni kafinta ne, karatuna bai yi nisa ba, kuma ba na yabon mutum don ya ji daɗi. Abin da na gani zan faɗa.

Masu zaman benci ne suka sa mata suna Hana-cire, kuma ba don yabo suka sa ba. Mutum zai zo da hannu a kunci, ya riga ya yanke hukunci tun daga gida: a cire, a huta. Ita kuwa sai ta zaunar da shi ta hau tambaya. Ciwon da kansa yake tashi, ko sai ruwan sanyi ya taɓa shi? In ya tashi yana wucewa nan take, ko yana zama? Yana tashinsa daga barci? Sai ta ƙwanƙwasa haƙorin da gindin madubinta, ta ɗora masa auduga mai sanyin ƙanƙara, ta tura mutum ɗaukar hoton cikin haƙorin. Wani direban babbar mota ya ce mini ko 'yan sanda ba su taɓa tsare shi da tambaya haka ba. Ya je a cire masa haƙori, ya fito da abinsa a baki yana ta faɗa. Shekaru sun shuɗe. Har yau da shi yake cin nama, kuma har yau yana cewa ta ɓata masa yini.

Maganarta ɗaya ce ga kowa. Haƙori ba dutse ba ne. Can tsakiyarsa akwai jijiya da jini, nan ne ransa. Muddin ran nan yana nan, haƙori yana ji, yana kare kansa, har yana gina wa kansa sabon bango daga ciki. In jijiyar ta mutu ya zama busasshen itace, mai saurin tsagewa. In aka cire kuwa shi ke nan, babba ba ya sake tsiro. Saboda haka ba ta taɓa jijiyar da take da sauran rai. Haƙorin da ya riga ya mutu, ko ya fashe har saiwa, takan faɗa wa mai shi kai tsaye, ta yi abin da ya kamata. Nas ɗin da ta daɗe tare da ita ta gaya mini cewa manyan ofis sun sha yi mata magana, wai layinta ba ya tafiya. Cirewa abu ne na ɗan lokaci, gyara kuwa yana cin safiya. Amsarta ba ta wuce kalma uku: a ƙaro likita. Ba a ƙaro ba, ita ma ba ta sauya ba.

Yanzu ga abin da ya faru a gidana.

Uwar 'ya'yana ta daɗe tana fama da ciwon suga. Shi da masu cire haƙori na bakin kasuwa suka cinye mata baki, ɗaya bayan ɗaya. Ta hagu, can baya, babu komai sai dasashi. Ta dama saura haƙorin tauna guda a ƙasa da abokinsa a sama. 'Yan haƙoran roba da aka yi mata, a jikin na ƙasan nan suke maƙale da ƙugiyar waya. Duk abin da zai shiga cikinta, a kan wannan haƙori ɗaya ake niƙa shi. Shi ne ya yi kogo.

Ba ta faɗa wa kowa ba. A wajen cin abinci na gane. In an zuba sai ta ce ta ƙoshi, daga baya ta ɗauki kwano ta shiga ɗaki, ta jiƙa komai har ya zama ruwa ta sha. Ta daina zuwa gidan 'yarmu, don surukai suna sa abinci a gabanta su zauna su ci tare. Mai ciwon suga kuma ba a wasa da cinta. Jiri ya fara ɗibarta da hantsi. Wuyan rigarta ya yi mata yawa. Mace ce da a da in tana magana a tsakar gida ana jinta a titi, sai ga ta tana magana da gefen mayafi a baki.

Babban ɗanmu ya ce a cire kawai, a yi mata na roba baki ɗaya, a huta da wahala. Yana da kirki, amma gaggawa gare shi. Uwarsa ta tuna masa da yayarta, wadda aka yi wa haka. Na ƙasan ba sa zama, suna yawo a baki, sai ta cire su ta ajiye kafin ta iya cin wani abu. Ta ce masa: "Ni ba zan ci abinci haƙorana suna kallona daga cikin kofi ba."

Na kai ta wajen Hana-cire.

Likita ta bar ni na tsaya bakin ƙofa. Ta yi tambayoyinta, ta ƙwanƙwasa, ta ɗora audugar sanyi. Tsohuwa ta zabura, amma kafin ta gama tsaki zafin ya wuce. Na ga wannan ya yi wa Likita daɗi. Da hoto ya fito ta ɗaga shi ga fitila ta kira ni. Ta nuna mini ɗakin jijiya a tsakiya, ta nuna baƙin inuwar ruɓa da ta gangaro daga gefe, daidai inda ƙugiyar waya take tara abinci. Tsakaninsu bai fi ɓawon albasa ba.

Ta ce ga abin da za ta yi. Za ta share bangon kogon ta kowane gefe har ta tarar da mai ƙarfi. Amma can ƙasa, daidai kan jijiya, za ta bar ɗan abin da ya yi laushi, ba za ta taɓa shi ba. Za ta shimfiɗa magani a kai, ta rufe da ciko yadda ko miyau ba zai shiga ba. Ƙwayoyin cutar da suka rage a ciki, in ba abincin da ke kai musu, za su tsaya. Jijiya ta samu sararin gina bangonta. Bayan wasu watanni mu dawo ta buɗe ta duba.

Wannan bai shige ni ba. Tun ina saurayi nake aikin katako. Inda ruwa ko gara ya ci, yankewa ake yi har sai an ga fari, a ƙara yatsa guda a kai. Haka aka koya mini, haka na koyar.

Na ce: "Likita, a sana'armu wanda ya shafa fenti a kan ruɓa, maha'inci muke ce masa."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce: "A katako gaskiyarka ce, Baba. Amma katakon da yake zuwa hannunka ya riga ya mutu. Ka taɓa ganin itacen da aka sara yana tsaye, ya rufe saran da kansa?"

Na ce na gani.

"To wannan a tsaye yake. In na bi ruɓar nan har ƙasa yau, cikin jijiya zan faɗa. Mama kuma ba ta da wani."

Ba ta yi mana alkawari ba. Ta ce sau da yawa hanyar tana ci, wani lokaci ba ta ci. In ciwo ya fara tashi da kansa, ko ya zauna ya ƙi wucewa, ko dasashi ya kumbura, mu dawo ba tare da jiran rana ba. Sannan ta juya ga mai haƙorin, ba ga ni ba, ta tambaye ta me ta gani.

Tsohuwa ta ce: "Yi aikinki, 'yata. Rabu da shi. Kafintan da kujerar gidansa ƙafa uku gare ta."

Kujerar ƙafa huɗu gare ta. Ɗaya ce ta ɗan gaza.

Na tsaya na ga aikin daga farko har ƙarshe. Ta yi allurar kashe zafi. Ta shimfiɗa wata 'yar roba a bakin, ta huda, haƙorin ya fito ta hudar shi kaɗai, yadda miyau ba zai kai gare shi ba. Ta bi bango da inji, tana yi tana wankewa tana dubawa. Da ta matso ƙasa sai ta kashe injin ta ajiye. Ta ɗauki wani ɗan ƙarfe mai kan cokali, kan bai kai ƙwayar shinkafa ba, ta ci gaba da hannu. Ta ɗebo kaɗan, ta goge a auduga, ta duba. Ta sake. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar famfo. Can ta tsaya, ƙarfen yana hannunta, ta daɗe tana kallon cikin kogon. Sai ta ajiye shi ta ce nas ta haɗa magani.

Likita, na ga hannaye da yawa a rayuwata. Masu ƙarfi suna da yawa, masu sauri sun fi su yawa. Ke ce na ga kin san inda ake tsayawa. Wannan ba a koya wa mutum shi da baki. Na yi yara a shago waɗanda har suka bar hannuna ba su iya ba.

Ba a yi mako ba ciwo ya dawo. Da zarar ta haɗa haƙora sai ta runtse ido. Kwano ya koma ɗaki. Babban ɗanmu ya zo da mota, ya ce ga abin da ake gudu, an rufe ruɓa a ciki tana ci. Ya ce ya san inda za a cire yau ɗin nan. Ni ma zaton da na yi ke nan. Amma na ce wanda ya fara aiki shi ake fara koma wa, haka doka take a kowace sana'a. Muka tafi mu uku. Na shirya maganar da zan faɗa wa Likita tun a hanya.

Ba ta ba ni dama ba. Ta sake jero tambayoyinta kamar ba ta taɓa ganinmu ba. Ciwon yana tashi da kansa? A'a. Yana hana barci? A'a. Sai an tauna? Sai an tauna. Ta ɗauko wata 'yar shuɗiyar takarda ta sa tsakanin haƙoran, ta ce Mama ta cije, ta goga. Da ta cire sai ga ɗigon shuɗi a wuri guda a kan cikon.

Ta ce: "Wannan aikina ne, Mama, ki yi haƙuri. Cikon ya yi tudu. Ranar bakinki yana mace da allura, ba ki cije daidai ba, ni kuma ban sake gwadawa ba. Duk nauyin bakin a nan yake sauka."

A gaban ɗana ta faɗa, da nas, da ƙofa a buɗe. Ta kunna inji ta ɗan shafe wurin, abin da ta rage bai kai kaurin gashi ba. Ta ce a cije. Tsohuwa ta cije a hankali. Ta sake cijewa da ƙarfi. Ta dubi ɗanta ta ce ya je ya tayar da motarsa, ta ga kamar ya bar ta a rana.

Wannan aikin na gane shi. Ƙofa in tana cijewa a jikin firam ba a ɓalle ta a jefar. Ana neman inda take gogawa a fere.

Daga nan sai jira. Likita ta kafa mata doka: ta riƙa cire haƙoran roba tana wanke ƙugiyar bayan kowane ci, ta goge haƙorin ta kowane gefe, ta rage zaƙi, ta riƙe maganin suga da kyau. Tsohuwa ta ce ta samu uwar miji a tsufa. Amma ta bi.

Cikin watannin nan hankalinmu ya tashi sau ɗaya. Wani malamin makaranta maƙwabcinmu, wanda Likita ta yi wa irin wannan aiki, nasa bai ci ba. Jijiyar ta riga ta gaji, ciwo ya kama shi har kunci ya kumbura. Ya ce da ya koma ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce masa ta gwada, haƙorin bai iya ba, yanzu sai a cire jijiyar a wanke saiwa a cike. Ta yi masa. Haƙorin yana nan a bakinsa, sai dai ba rai. Matata ma ta ji labarin. Na lura dai ta koma tauna a hankali, kamar mai tafiya a kan gadar da ba ta yarda da ita ba.

Da lokacin komawa ya yi sai ta ƙi. Ta ce ba ciwo, ba kumburi, me za a je a tono? Abin da ya kwanta a bar shi ya kwanta. Nas ta gaya mini daga baya cewa nan ne mutane da yawa suke yin asara. Cikon farko ba na zama ba ne. Suna jin sauƙi sai su ɓace, ya goge, ya tsage, ruɓa ta samu hanya, su dawo bayan shekara biyu da kunci kamar ƙwarya. Likita ba ta jira haka ba. Ta buga wa 'yarmu waya da kanta, ta ce a kawo mata Mama ko da a goye ne. 'Yarmu ta faɗa wa uwarta haka, ba ta rage ko kalma ba. Tsohuwa ta ce ba a haifi mai goya ta ba tukuna, ta ɗauki mayafi.

Ranar ma da audugar sanyi aka fara, kafin allura. Wannan ne gwajin. In ta ɗora ba a ji komai ba, jijiya ta mutu a shiru. Ta ɗora. Tsohuwa ta zabura har ta bugi fitila da hannu.

Ta ce: "'Yar nan, ke ba ki da wata gaisuwa sai wannan?"

Likita ta yi dariya, karon farko da na ji dariyarta. Ta ce: "Yana da rai, Mama."

Ta yi allura, ta sa roba, ta cire cikon farko. Ta duba ciki, sai ta ce in matso. Wurin da ta bari da laushi da danshi ya bushe, ya yi duhu. Ta ɗauki ɗan ƙarfenta ta ja a kai ta ce in saurara. Na kasa kunne. Ƙara ce siririya, ta ƙarfe a kan abu mai tauri. Ba sai an fassara mini ba. Sabon hoto ya nuna bangon da ke tsakanin kogo da jijiya ya yi kauri. Ta share ɗan abin da ya rage, ta yi ciko na dindindin, ta gwada shuɗiyar takarda har sau nawa ban ƙirga ba. Ta kuma gyara zaman ƙugiyar don kada ta sake tara abinci a wurin.

A katako maganata tana nan yadda take. A haƙori tata ce.

Ba da daɗewa ba uwar 'ya'yana ta je gidan 'yarmu ta yini. Ban je ba, 'yarmu ce ta ba ni labari. Aka sa abinci, surukai suka zauna. Ta wanke hannu ta sa a kwano tare da kowa. Ta ɗauki nama ta kai dama, ta tauna, ba gaggawa, ba mayafi a baki. Ta ɗauki na biyu. Da aka gama ta gaya wa uwar mijin 'yarmu, a gaban mutane, cewa gishiri bai ji ba. 'Yarmu ta ce ta rasa ko ta ji kunya ko ta yi kuka. Yanzu jirin ya tafi, kumatu sun dawo, muryar ma ta dawo. Maƙwabta za su ba da shaida a kan muryar.

Likita, ba ki san yawan gidajen da kika yi wa irin wannan ba, don aikinki ba ya barin alama. Wanda aka cire wa haƙori kowa yana ganin giɓi. Wanda aka bar wa nasa ba mai sani, shi ma yakan manta. Ke ce kika zauna a ƙaramin ɗakin nan shekara da shekaru, ana yi miki tsaki a benci, ana yi miki ƙorafi a ofis, kika ƙi ɗaukar filaya don kawai layi ya ragu. Kin yi haƙuri da masu taurin kai, kuma na san wasu daga cikinsu. Da kika yi kuskure kin faɗa da bakinki. Ba kowane mai farar riga ke iya wannan ba, ba kowane mai guduma ba.

Ga yaran da za su gaji kujerar nan, magana ɗaya gare ni. Cirewa ba gwaninta ba ce, na bakin kasuwa ma yana yi. Ku tambaya kafin ku taɓa. Ku duba ko akwai rai. In akwai, ku yi aiki da shi, ku kashe inji in kun matso kusa. Ku je ku sami Likita a gida tun tana da ƙarfin koyarwa, ba za ta kore ku ba.

Ga sauran jama'a kuma, musamman tsofaffi irinmu masu ɓoye ciwo: in ruwan sanyi ya fara sukar haƙori, lokacin zuwa ke nan, ba sai kunci ya tashi ba. In an ce ku dawo, ku dawo. Kada ku je da hukunci a aljihu.

Na gode, Likita, ni da 'ya'yana da uwarsu. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya bar miki naki haƙoran har ƙarshe. Ki ajiye farar riga da kwanciyar rai. A gidana ana tauna.